Wasiƙu 2,869 da Muryar da Ta Rage: Waiwaye kan Shirin Alistair Cooke a Rumbun BBC

A farkon watan Agusta na 1974, Alistair Cooke, ɗan jaridar da ke aiko wa BBC shirin Wasiƙa daga Amurka, ya faɗa cikin halin da duk ma'aikacin rediyo ke tsoro. Kujerar Shugaba Richard Nixon na tangal-tangal saboda badaƙalar Watergate ta kutse a ofishin 'yan adawa da yunƙurin rufe ta, kowa a Washinton ya san saura ƙiris, amma babu mai iya rantsuwa kan rana ko sa'a. Shi kuwa Cooke dole ne ya naɗi shirinsa na mako tun da sauran lokaci, a kai shi Landan, a watsa a ƙarshen mako. In ya ce Nixon ya sauka alhali bai sauka ba, ya shara ƙarya. In ya yi magana kamar mutumin na nan daram alhali ya riga ya kwashe komatsansa, ya zama abin dariya. Sai ya ɗauko labarin tun daga tushe, ya bi shi daki-daki har zuwa ranar da yake magana, sannan ya rufe da cewa sauran kuma kun sani. Ranar 8 ga wata Nixon ya sanar da murabus, ranar 9 ya bar fadar White House. Kafin muryar Cooke ta fito daga akwatunan rediyo, masu sauraro sun riga sun san sauran, suka kuma ɗauka shi ma ya sani.

Na fara da wannan ne don shi ne abin da tsohon shirin rediyo ke ba mai sauraro wanda littafin tarihi ba ya iya ba shi. Marubucin tarihi ya san ƙarshen labari kafin ya ɗora alƙalami. Mutumin da ke cikin tsohon naɗi kuwa lalube yake yi, bai san abin da gobe za ta haifa ba, kai da ke sauraronsa bayan shekara 50 kai ne ka sani.

Shirin da ake magana a kai shi ne Letter from America, wato Wasiƙa daga Amurka. Ya fara ranar 24 ga Maris, 1946, da sunan American Letter, a tashar cikin gida ta BBC wadda daga baya, a 1967, ta koma Radio 4. Mako 13 aka yi niyyar gwadawa. Bai tsaya ba sai ranar 20 ga Fabrairu, 2004, bayan kashi 2,869, kuma mutum guda ne ya gabatar da su duka. Minti 15 ne kowane kashi. Babu kiɗa a tsakiya, babu baƙo, babu kiran waya, murya ɗaya ce kawai take hira da kai kamar kuna zaune a zaure. In aka jera su aka kunna ba tsayawa, dare da rana, sai an yi kusan wata guda cur kafin su ƙare. Shugabannin Amurka 11 suka wuce ta cikin shirin, daga Harry Truman zuwa George W. Bush. Da yake sashen Turanci na BBC mai watsa wa duniya shi ma yana saka shi, duk wanda ya saba murɗa rediyo a gajeren zango a Kano ko Yamai ko Kumasi a wancan zamani yana iya cin karo da muryar.

Tarihin mutumin a taƙaice: an haife shi a Salford ta Ingila a Nuwamban 1908, ya yi karatu a Kambirij, ya tafi Amurka a 1932 da tallafin karatu zuwa jami'o'in Yale da Harvard, ya dawo ya yi wa BBC sharhin finafinai, sannan ya koma Amurka da zama a 1937. Ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa ranar 1 ga Disamba, 1941, kwana shida kafin harin da Japan ta kai wa sansanin sojin ruwan Amurka na Pearl Harbor. Ya daɗe yana wakiltar jaridar Guardian a can, har zuwa 1972. Wannan zama tsakanin ƙasashe biyu shi ne jarinsa. Turawan Ingila suna jin sa a matsayin nasu da ya san sirrin Amurkawa, Amurkawa kuma suna ganin sa cikakken Baturen Ingila.

Yadda rumbun ya tsiyaye

Mai tunanin cewa gidan rediyo kamar BBC ya adana duk abin da ya taɓa watsawa bai san yadda aikin yake a da ba. A shekarun farko a kan faifai ake yanka murya, faifan kuma yana da nauyi, yana fashewa, yana cin wuri. Da zaren naɗi ya zo, shi ma yana da tsada, kuma babbar fa'idarsa a idon ma'aji ita ce ana iya goge shi a sake naɗar wani abu a kai. Shirin mako-mako da ke sharhi kan labaran da ake ciki shi ne farkon abin da za a goge, don me za a yi da sharhin makon jiya? A wurinsu magana a rediyo zarar bunu ce, in ta fita ta fita.

Ita kanta ma'adanar sauti ta BBC da tsautsayi ta samu. A 1937 aka umarci wata sakatariyar wucin gadi, Marie Slocombe, ta zubar da tarin tsofaffin faya-fayai. Da ta duba ta ga akwai muryoyin mutane irin su Winston Churchill, sai ta ɓoye su maimakon ta zubar, daga nan aka fara ajiya. Amma ko bayan ajiyar ta kankama, zaɓe ake yi. Wani ma'aikaci ne zai zauna ya yanke hukuncin abin da ya cancanci a bar wa 'yan baya. Abin da yake zaɓa kuwa sananne ne: jawabin sarki, ranar da aka kashe shugaba, ranar da yaƙi ya ƙare. Wasiƙar da Cooke ya yi kan zafin bazara a Niyok, ko kan yadda Amurkawa ke bikin godiya da talo-talo, ba ta cikin lissafi.

A Nuwamban 2012 BBC ta buɗe rumbun shirin a intanet, da kashi sama da 900. Adadi ne mai yawa, amma bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da aka watsa ba, kuma mafi yawansu na shekarun ƙarshe ne, lokacin da ajiya ta yi araha kuma kowa ya gane darajar mutumin. Na shekarun 1940 da 1950 da 1960 kuwa 'yan tsiraru ne.

Sai a Maris na 2014, shekara 10 da rasuwar Cooke, aka sanar da wata tsintuwa. Wasu masu sauraro biyu a Ingila, kowanne a gidansa ba tare da sanin ɗayan ba, sun shafe shekaru suna naɗar shirin daga rediyo suna jibgewa. Daga ajiyarsu aka dawo da sama da kashi 600 da gidan rediyon ya rasa, na shekarun 1970 da 1980. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su, kuma in da an bi ƙa'idar haƙƙin mallaka sau da ƙafa ma, ƙila ba za a yaba musu ba a lokacin. Injiniyoyin sauti suka sha aikin tsabtace zaren, suka rage ƙara da shuu ɗin da naɗin gida ke zuwa da shi. In aka haɗa wannan da na farko, abin da ke akwai ya ɗan haura rabi. Ragowar, kusan rabin aikin rayuwar mutum, babu muryarsa.

Rubutun kam ya fi sa'a. Cooke da keken rubutu yake buga kowace wasiƙa kafin ya karanta, kuma takardunsa suna ajiye a cibiyar adana takardu ta Howard Gotlieb da ke Jami'ar Boston. Sai dai duk wanda ya gwada karanta rubutun sannan ya saurari naɗin zai ga ba ɗaya ba ne. Don kunne aka yi rubutun. A takarda jimlolin suna da tsawo, suna yawo, wani lokacin har ka ƙosa. A baki kuwa akwai inda yake ɗan dakatawa kamar yana neman kalma, akwai inda yake sassauta murya kafin ya saki barkwanci, kuma a nan gwanintar take. Takarda ba ta riƙe shiru.

Abin da kunne ke tsinta

Kashin da kowa ke fara nema shi ne na Yunin 1968. Cooke ba ɗan jaridar da ke bin gawa da gobara ba ne, yawancin aikinsa daga ɗakin karatunsa yake yi, a benen da ke kallon Central Park, da jaridu da talabijin da abin da ya tara a ka. Amma daren 4 ga Yuni, wayewar 5, yana otal ɗin Ambassador a Los Angeles, inda Sanata Robert Kennedy, mai neman takarar shugaban ƙasa, ya gama jawabin murnar cin zaɓen fid da gwani na Kalifoniya, ya bi ta wani lungu na ɗakin girki, wani mai suna Sirhan Sirhan ya harbe shi. Tsakanin Cooke da wurin taku kaɗan ne. A wasiƙar da ta biyo baya ya kwatanta fuskar Kennedy a kwance da fuskar yaro da aka sassaƙa da dutse a kan kabari. Wata biyu ke nan da kashe Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙaƙen fata. Abin da ya fi kama ni a kashin ba kwatancen ba ne, yadda ya ƙi yarda da maganar da ta cika gari a makon ce, wai dukan Amurkawa ne ke da alhakin jinin. Mutum ne da ya ga abin da idonsa, jikinsa bai gama daina rawa ba, amma yana ja wa masu sauraro linzami kada su yi saurin yanke wa al'umma guda hukunci.

Sai dai in mutum ya tsaya ga irin waɗannan manyan ranaku, bai san shirin ba. Ainihin shirin yana cikin makonnin da babu abin da ya faru. Cooke ya sha faɗin cewa ba ya rubuta komai a ajiye cikin mako, sai ya zauna gaban keken rubutu sannan ya ga inda zance zai kai shi. Ana jin haka a naɗin. Zai fara da wata 'yar magana kan yanayi ko kan wani tsohon abokinsa, ya zagaya ta wasan golf da ya ƙwallafa rai a kai, ya ratsa ta wani shugaban da ya mutu tun tuni, kai kana cewa tsohon nan ya ɓata hanya, sai a minti biyun ƙarshe ka ga ashe duk zagayen nan gini yake yi, ya dire kan batun da ya sa shi magana. Wanda ya taɓa zama gaban dattijon da ya iya hira ya san salon. Ba ya ba ka amsa kai tsaye, sai ya ɗauko maka labarin wani abu da ya faru zamanin wani sarki, kuma kafin ya gama ka gane abin da yake nufi.

A nan ne sauraron rumbu ya bambanta da sauraron asali, kuma ba kullum bambancin ke yi wa mai shirin daɗi ba. An yi wasiƙar ne don a ji ta sau ɗaya, a yi kwana bakwai, a manta rabinta, sannan wata ta zo. Mai saukar da kashi 20 ya saurara a jere cikin kwana biyu yana yi wa shirin abin da ba a gina shi don shi ba. Nan take zai fara ganin ɗinkin. Labarin da ya ji a wasiƙar wata shekara zai sake jin sa bayan shekara shida, da ɗan canji. Dabarar zagaye da direwa, wadda ke burge mutum in mako-mako yake ji, tana komawa abin da ake iya hasashe. Ban ɗauki wannan a matsayin laifi ba. Wa zai yi hira ta shekara 58 bai maimaita labari ba? Amma ya kamata mai sauraro ya san cewa shi ne ya sauya ƙa'idar wasan.

Akwai kuma abin da ya fi maimaici nauyi. Kan gwagwarmayar baƙaƙen fata ta neman 'yanci, Cooke ya kasance mai ra'ayin a bi a hankali. Ya san kudancin Amurka, yana da abokai a can, kuma bayan hukuncin kotun ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata, ya fi mayar da hankali kan wahalar sauya al'adar da ta yi jijiya fiye da azabar waɗanda al'adar ke dannewa. Wannan ya jawo saɓani tsakaninsa da editansa a Guardian, Alastair Hetherington. A ganina masu sukarsa sun fi shi gaskiya a nan. Haƙurin da yake nema ba daga aljihunsa za a biya shi ba. A ƙarshen rayuwarsa ma, lokacin mamayar Iraƙi ta 2003, ya fi karkata ga fahimtar hujjojin gwamnatin Bush fiye da yadda yawancin masu sauraronsa a Birtaniya suka so. Rumbu ba ya rufa wa kowa asiri. Abin da mutum ya faɗa da tabbaci a ranar Juma'a yana nan yadda ya faɗe shi, ko da shekaru sun ƙaryata shi.

Amma in za a yi masa hukunci da rumbun, to a duba rumbun da kansa. Wannan shi ne abin da na ɗauka ya fi komai muhimmanci a lamarin. Cooke ɗin da intanet ke ba mu yawanci dattijo ne mai shekara 70 zuwa 95, wanda ya rage fita, yake kallon duniya ta taga da talabijin, yake yawan komawa ga abin da ya wuce. Cooke mai shekara 40 da 50, wanda ke keta Amurka da mota da jirgin ƙasa, yake zuwa tarukan jam'iyyu, yake zama a kotu yana kallon shari'a, shi ne wanda aka goge muryarsa. Shekarun Sanata McCarthy na farautar 'yan kwaminisanci, yaƙin Koriya, rikicin Little Rock na 1957 kan shigar ɗalibai baƙaƙe makarantar farare, duk lokacin da ya fi kuzari kuma ya fi kusa da abin da yake bayarwa labari, su ne suka fi ƙaranci. Saurayi ya tafi, an bar mana tsoho. Mai sauraron yau da ya ce ai mutumin nan mai ra'ayin riƙau ne mai son tuna baya, bai yi ƙarya ba game da abin da ya ji. Abin da ya ji ne bai cika ba, kuma ba cancanta ce ta tace shi ba, farashin zare ne da ƙarancin kanta.

Tsintuwar 2014 ta ɗan gyara wannan karkata, shi ya sa ta fi ƙarfin a kira ta ƙarin adadi kawai. Ta dawo da zamanin ƙarshen yaƙin Biyetnam, da mulkin Shugaba Carter, da na Reagan, mako bayan mako, har da makonnin banza da babu ma'aikacin ma'adana da zai zaɓa. Masu naɗin gida ba sa zaɓe. Lokaci ya yi, su danna maɓalli. Rashin zaɓen nan shi ne alherinsu, don ta haka ake ganin yadda ra'ayin mutum ke juyawa sannu a hankali, da yadda wani batu ke fara bayyana a matsayin 'yar magana a gefe kafin ya zama abin da ya cika duniya.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun da kaset ya shigo ƙasar Hausa mutane ke ɗora rikoda kusa da rediyo suna naɗar tafsirin azumi da waƙa da hirar 'yan siyasa. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, gidan rediyon Kaduna tun 1962, kuma shirye-shiryen tattaunawa irin su Ra'ayi Riga da Hannu Da Yawa sun ga gwamnatoci sun zo sun wuce. Duk sanda na ga kwalin tsofaffin kaset a ɗakin wani dattijo, ƙura ta rufe shi, 'ya'ya na jiran ranar da za su zubar, mutanen nan biyu na Ingila nake tunawa.

Wasiƙar ƙarshe, ta 20 ga Fabrairu, 2004, ba ta da ban kwana. Kan Iraƙi ya yi magana, da yadda 'yan jam'iyyar Democrat suka fara jin ƙarfin gwiwar tunkarar Bush a zaɓen shekarar. Ya rufe kamar yadda ya saba, kamar mai dawowa mako mai zuwa. Ciwon daji na huhu ya riga ya ci ƙarfinsa. Ranar 2 ga Maris aka sanar da ya ajiye aiki bisa shawarar likitoci, ranar 30 ga watan ya rasu a Niyok yana da shekara 95. Bai ga zaɓen da yake sharhi a kai ba, wanda Bush ya sake ci a Nuwamba.

Wasiƙar farko kuwa, ta Maris 1946, labarin komawarsa Amurka ce a jirgin ruwa daga Ingilar da yaƙi ya tagayyara, tare da ɗimbin matan Ingila da suka auri sojojin Amurka, suna kuka suna ɗaga hankici ga ƙasar da suke bari. Tana cikin rumbun, kowa na iya kunnawa. Sai dai ba naɗin 1946 ba ne, wannan bai tsira ba. A 1996, don cikar shirin shekara 50, Cooke ya ɗauko tsohuwar takardar ya sake karantawa. Kalmomin na mai shekara 37 ne, muryar ta mai shekara 87.